Fitilun Bayan Motar Baba

Aikin fitilar baya ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Dole wani ya zauna a ciki yana taka birki, wani ya tsuguna a baya yana dubawa. Shi ya sa Auta ya ji daɗi har cikin ransa da Yaya, babban wansu, ya fara zuwa duk Asabar yana taya shi.

Auta ba makaniki ba ne, a ɗakin ba da magani na asibiti yake aiki. Sha'awa ce kawai ta kama shi tun yana yaro, har babu rediyon da ya taɓa tsira da ransa a gidan. Da Baba ya rasu, tsohuwar motarsa ta zauna a rumfar tsakar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta gidansu. Ranar da aka yi maganarta, Yaya ya kaɗa hannu ya ce, "Wannan gwangwanin? In ka iya tayar da ita, Auta, taka ce."

Ya kuwa tayar da ita, sannu a hankali, Asabar bayan Asabar. Abu ɗaya bai taɓa ba, kujerar direba. Tana nan yadda Baba ya bar ta, a matse da sitiyari don gajartarsa. Auta dogo ne, gwiwarsa har bugun sitiyarin take, amma haka yake tuƙawa.

Fitilun baya ne suka rage. Ya sayo sababbi, irin waɗanda haskensu yake gudu daga ciki zuwa gefe. Suka ba shi wuya ba kaɗan ba. A kunna sigina, sai ta riƙa ƙyaftawa kamar mai hakiya. A taka birki, sai fitilar ribas ta amsa. Ya ƙone fiyus har mai shagon kayan lantarki ya fara yi masa dariya. Ya shige but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, rabin jikinsa a waje, filaya a hannu, salatif a baki, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kafin ya gano baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota tana zaune kan tsatsa. Duk wannan Yaya yana ciki yana taka birki, yana tsokanarsa. "Injiniya, wai yaushe za mu ga wuta ne? Ka dage fa." Auta ya ɗauka zumunci ne. Har ya ce wa matarsa mutuwar Baba ta gyara Yaya.

Ranar ƙarshe Yaya ya zo da baƙo, wani ƙaton mutum mai shagon taya.

"Gwiwata ke ciwo yau," in ji Yaya. "Bar abokina ya taka maka."

Mutumin ya shiga. Auta yana tsugune a baya ya ji ƙarar kujera, gurrr, an ja ta baya har ƙarshe. Abin ya soke shi, ya buɗe baki, sai ya tuna baƙon Yaya ne, ya haɗiye.

"Ranka ya daɗe, birki!"

Ja ya kama, ɓangare biyu lokaci guda.

"Hagu! Dama! Sa ribas!"

Komai ya amsa a inda ya kamata. Auta ya miƙe yana dariya kamar yaro, yana goge hannu a wando. "Yaya, zo ka gani! Wallahi zo ka gani!"

Yaya bai zo ba. Ƙofar gida ya je ya buɗe, duka ɓangare biyun. "Ɗan fita da ita," ya ce wa mutumin, "a ga yadda take a titi."

Motar ta fita. Auta ya biyo ta har bakin ƙofa, filayar tana hannunsa. A nan Yaya ya dafa kafaɗarsa, idonsa a ƙasa.

"Auta, ka yi haƙuri. Na sayar masa."

"Ka sayar masa da me?"

"Motar. Kayan gado ne, ka sani. Kowa zai samu rabonsa, har kai."

"Yaya, da bakinka ka ce tawa ce."

"Lokacin ai ba ta tashi."

Haka ya faɗa, ko kunya babu.  Da ƙyar Auta ya ce, "Tun yaushe?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Ranar da ka turo min hoton fitilun a waya. Na nuna masa, ya ce in suka kama, ya saya. In ba su kama ba, ba ya so."

Ashe duk Asabar ɗin nan ba ɗan'uwa ne yake taka masa birki ba, dillali ne yake jiran kaya su nuna. Auta ya tuna shayin da matarsa take kawo musu rumfa, ya tuna "ka dage fa". Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ya fita da faɗa. Bai zagi Yaya ba, a gidansu ba a yi. Hannun da ke kafaɗarsa kawai ya cire, a hankali, kamar yadda yake cire waya daga batir.

Can ƙarshen layi motar ta rage gudu. Jan haske ya kama tsaf, da rana tsaka ma ana ganinsa. Sigina ta hagu ta gudu daga ciki zuwa gefe, ba sauri ba nawa, daidai yadda ya yi ta fama ya samu. Duk wahalar nan da ya sha, bai taɓa tunanin cewa mai tuƙi ba ya ganin fitilar baya ba. Wanda aka bari a tsaye ne yake ganinta.

"Kai, amma fa ka iya aiki," in ji Yaya.

Motar ta sha kwana. Auta ya koma rumfa, inda babu komai sai tabon baƙin mai a ƙasa da guntayen waya ja da baƙa. Ya tsuguna ya fara tsince su.