Rijiyar Baba Dalhatu

Shekarar babban fari, ta saba'in da uku, rijiyar gidanmu a Bungudu ta ja baya, ruwanta ya koma zartsi, sai ka ce an jiƙa kanwa. Ƙafafun mahaifina, Baba Dalhatu, suka kumbura. Likita a Gusau ya ce in bai bar ruwan nan ba, zai kwantar da shi.

To, Baba kuwa, taurin kai kamar me!

"Da hannuna na gina ta, Wasila," ya ce. "Ruwan wata rijiya ba ya shiga cikina."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. A banza. Amma ni ɗiyarsa ce, ban gaji ba.

Ina aure a Tsafe, kuma ina da firij mai kananzir da nake yin ƙanƙarar zoɓo da shi. Na sa mijina Mas'udu, da ke jan mota hanyar Bungudu, ya ɗebo mini ruwan rijiyar garwa guda. Nufina in sanyaya, in ji ko sanyi zai rage masa ɗacin. Na zuba a faranti, na koma kan surfe. Da na dawo, sama ya daskare, ƙasa bai kama ba. Na ɓalli ƙanƙarar na jefa a baki.

Ikon Allah! Garɗi, ba gishiri. Na ɗanɗani na ƙasan, sai da na tofar. Ashe ƙanƙara ba ta ɗaukar zartsi, baya take barinsa.

Shi ke nan na samu hanya. In zuba kaɗan-kaɗan, in cire kafin ya gama kamawa, in tsiyaye na ƙasa, in ɗauraye ƙanƙarar, in narkar a tulu. Mas'udu ya ce na zama mahaukaciyar ruwa. Na ce ja motarka, malam.

Ranar Juma'a na kai tulun da kaina. Baba ya harare shi.

"Na famfon Gusau kika kawo mini?"

"Wallahi na rijiyarka ne, Baba. Ko ɗigo ban haɗa da wani ba."

Na zuba masa a moɗa, ya kurɓa don ya kama ni da ƙarya. Sai ya sake kurɓa.

"Haka yake," ya ce a hankali, "ranar da na fara ɗebo wa marigayiya uwarki."

Ya shanye, ya miƙo mini moɗar. "Ƙaro."