Rumfar da Doreen Ta Bayar

Doreen ta shimfiɗa buhu a bakin kwata, can wajen ƙofar kasuwar Kafanchan, ta fara kasa tumatir ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Madam Amurka, jirgin faci ya yi?" in ji wani ɗan acaɓa.

"Yana wurin bakanike," ta ce.

Tun da faɗa ya koro ta daga Kamaru take garin nan. Bara sunanta ya fito cikin 'yan gudun hijirar da Amurka za ta ɗauka. Coci ya yi mata addu'ar sallama, ta raba kayanta, har rumfarta ta ba Kubra, wadda ta daɗe tana talla cikin rana. Tana Abuja da akwatinta aka ce ƙasar ta dakatar da karɓar 'yan gudun hijira. Ga ta ta dawo, ba wurin sana'a, bakin kwata kuwa kullum kora ake yi.

Inuwa ta rufe tumatirin. Kubra ce, da goyonta.

"Maman Asher, me nake gani haka? Tashi ki karɓi wurinki."

"A gaban mutane na ba ki. Ni ba na karɓe kyautar da na bayar."

"Don za ki tafi kika ba ni. Kin tafi?"

"Su suka fasa. Ni ban fasa maganata ba."

Kubra ta juya. Doreen ta gyara wani kashin tumatir da ba ya buƙatar gyara. Can sai ga Kubra da tiren albasa a ka. Ta sauke shi kusa da ita, ta zauna daram a ƙasa.

"Wa kika bari a rumfa?"

"Awaki."

"Ranar kasuwa? Ba ki da hankali?"

"Mai wurin ta ƙi. Ni kuma ba zan zauna a inuwa kina nan ba."

Doreen ta hango rumfar, wayam, mata na leƙawa suna wucewa. Ta jure, ta jure. Da ta ga wata tsohuwar kwastomarta ta juya da kwando, sai ta miƙe.

"Tebur naki ne," ta ce. "Ni baƙuwarki ce."

"Naɗe buhun dai."

Doreen ta ɗora kayanta a ka, ta shige gaba, kamar mai nuna hanya.