Fuskar Kaka a Bakin Fitila

…kuma shi ya ce zai iya. Wa ya aike shi? Ba wanda ya tambaye shi, shi da bakinsa: "Ni Modu, majigi yana jin maganata. In na ce tsaya, sai ya ƙame kamar dokin da aka ja wa linzami." To, ga shi ya ƙame. Hannun Modu a kan ƙarfen tsayarwa, hoto ya daskare a jikin farin ƙyalle, zafin ƙwan fitila yana lasar yatsunsa — kuma fuskar da ta cika ƙyallen ta Kaka ce.

Kaka Zinariya. Mai turaren wuta ta Fagge, wadda ta goya shi. Bara da damina aka kai ta makwancinta.

Aji duhu, an toshe tagogi da barguna, rana tana dukan kwanon rufi, Sabon Gari tana ta hayaniyarta a waje. Akawuna da malaman makaranta sun taso daga aiki sun cusa kansu a bencin yara. Wai ajin jami'a. Jami'ar tana can kudu, ba wanda ya taɓa ganin ƙofarta sai Malam Celestine, amma ta aiko da darasi: yadda ake karanta fim. Karanta! Fim ɗin da shi Modu ya ƙoshi da shi tun yana leƙe ta kan katangar silima… Malamai a gaba, kowa yana jan fim wajen nasa fannin: Celestine tarihi, Sista Veronica lafiya, Malam Ari zane. Kusa da su kujera guda, ba kowa a kai.

Kujerar nan…

"In tsayarwar nan taka ta yi, kai ma ka dawo gaba, ka koyar da sashen na'ura." Haka Celestine ya ce. Shi Modu, da bai gama Midil ba — ba kora ba ce fa, makarantar ce ta yi masa kaɗan, kwaɗon da aka samu a hular hedimasta kuwa shi ya kai kansa — shi ne zai zauna a gaba. Fagge za ta ji. Zai tabbata ta ji.

Akwai ɗan gilashi da ke faɗowa tsakanin fitila da fim in an tsayar, don ya tare zafi. Amma yana dusashe hoto. Modu zai nuna wa malaman jami'a hoto dishi-dishi? Da safe ya cire shi. Yana aljihunsa yanzu, yana zungurar cinyarsa.

"Ku dubi haƙoranta," in ji Sista, tana nuni da sanda. "Wannan baƙin, alamar rashin kula ce."

Fure ne, Sista. Furen taba da goro, ja wur, ado ne, safiya guda take yi tana gogawa… fim ne bai san ja ba. Ya faɗa? Da wane baki? Ba shi ne yake riƙe lasifika a dandali ba, yana sa mutane dariya da ita — ga tsohuwar da ta ƙi tafasa ruwa, ga ta a bakin kududdufi, ga ta ta riƙe ciki! Turawan fim sun zo Fagge neman wadda za ta fito a wawuya, duk matan unguwa suka ƙi, ita ta ce a kawo, ai ba yau ta fara shan ruwa ba. Ita da ba ta taɓa yarda mai hoto ya ɗauke ta ba, ko da salla.

Kwafi ɗaya ya rage a Kano. Wannan.

Ya isa haka. A saki. Yatsa ya ɗaga kaɗan, fim ya wuce, shi ke nan —

Celestine ya miƙe. Kitson ne ya kama shi. Kitson Barno, hanyar fatake, yadda mutanen gabas suka sauka bayan ganuwa suka kafa zango… Yana magana a hankali, kamar mai taunar ƙashi. Alƙaluma suna ta ƙarar rubutu. Kaka tana jira a kan ƙyalle, baki buɗe da murmushi, ba ta san an maishe ta tarihi ba.

Zafi. Ƙarfen kansa ya fara ƙuna.

"Ni idon ne ya dame ni," in ji Malam Ari. "Ba kududdufin take kallo ba. Wani abu take kallo a bayan mai ɗauka. Me ta gani?"

Shi Modu ta gani. Shi, a bayan Baturen, ya ɗora hular mutumin a ka, ya turo ciki, yana kwaikwayon tafiyarsa ta agwagwa. An ce ta ɓata rai, ta ɓata, sai ta ɗago — ta gan shi. "Ɗan banza," da ido kawai. Sun yanke dariyar, wannan ɗan guntun ne ya kuɓuce musu, ƙiftawar ido, bai kai gaɓar yatsa biyu ba a jikin fim. Sau nawa ya wuce a dandali ba wanda ya lura? Shi kaɗai yake jiransa. Nasa ne. Yau kuma ya ɗauko shi ya shimfiɗa wa baƙi don kujera…

Wani wari. Kaskon Kaka da yamma, hawi da sandal a kan garwashi, hayaƙi yana shiga zannuwa — a'a. Wannan ba turare ba ne.

Saki, Modu. Saki mana!

"Riƙe mana kaɗan, Malam Modu," in ji Celestine, ko waiwayowa bai yi ba. "Malam Ari bai gama ba."

Malam.

A gaban akawuna. A gaban Sista. Ba da wasa ba, ba da zolaya ba, haka kawai ya fito, kamar dama can sunansa ke nan… Yatsan da ya fara ɗagawa ya koma ya danne.

Ɗigo ne ya fara fitowa a kumatunta, kamar tawadar Allah. Ba ta da tawadar Allah a nan. Yana girma. Gefensa yana tafasa, yana kumbura, ya ci hanci, ya ci idon da ke kallonsa, haƙoran ne ƙarshe — sai fari. Fari fat, ƙyalle tsirara, ƙura tana yawo cikin haske.

Wani ya yi dariya a baya. Sista tana fifita hanci. Celestine yana tambaya ko zai gyaru.

Zai gyaru. Wa ya fi shi iya liƙi a Kano? Almakashi, a yanke inda ya narke, a kankare gaba da baya, a haɗa, ba mai ganewa. Tsohuwa ta duƙa a kududdufi, tsohuwa ta riƙe ciki. Wawuyar tana nan cif, za ta ci gaba da zagaya ƙauyuka. Wadda ta ɗago ta gan shi ce…

Ya rufe ido ya nemo ta. Zanen jikinta yana nan. Kitson yana nan. Wane gefe ne bakin ya fi karkata in tana murmushi — dama? Hagu? Ɗazu-ɗazun nan fa yake kallonta…

"Malam Modu? Muna jira."