Firji Na Shida

Ta sake ƙirgawa da yatsa a jikin allon kwamfuta, sai ka ce 'yar aji ɗaya. Firji shida aka jero wa manhajar da ke lura da sanyin ɗakin magunguna, amma lambar da ke gabansu biyar ce. Tsarin Kawu ne tun fil azal: ka fara rubuta adadin abin da za ka miƙa da hannunka, sannan ka jero su. Manhaja kuwa ba ta san musu ba. An ce mata biyar, ta duba biyar. Na shida ya yi kwana uku da ɗumi, alluran da ke cikinsa suka lalace, ƙararrawa ko tari ba ta yi ba.

Ƙarfe biyu za a sallami mai sito, wai shi ya bar ƙofar firjin a buɗe.

Ta ɗauki kwamfutarta ta faɗa ofishin Kawu, ƙanen mahaifiyarta, shugaban sashen, wanda ya kawo ta aikin nan. Ta nuna masa gyaran da ta yi: ta cire lambar gaba ɗaya, ta sa umarnin ƙirga mai suna `sizeof...` a gurbinta, yanzu ko firji nawa aka miƙa, manhajar ce za ta ƙirga da kanta. Kawu ya gyara zaman tabarau, ya ce aiki ya yi kyau, amma ta bari sai mako mai zuwa ta saka shi, ba tare da surutu ba.

"Mai sito fa, Kawu?"

Ya ce wannan maganar manaja ce. Ranta ya ɓaci. Ta ce shekara nawa ana ƙirga da hannu don kada a taɓa tsarinsa, yau kuma talaka zai ɗauki laifin? Ita dai wallahi sai ta faɗa.

Kawu bai yi fushi ba. Ya buɗe tarihin gyare-gyaren manhajar, ya juyo mata da allon. Wanda ya ƙara firji na shida wata huɗu da suka wuce, ya manta bai mayar da biyar shida ba, sunansa na nan ɓaro-ɓaro. Nata ne.

"Tun jiya na gani," in ji shi a hankali. "In suka kore ki, me zan ce wa Yaya?"

Tsoro ya kama ta, na gaske. Ta daɗe tana kallon sunan. Sannan ta rufe kwamfutar ta rungume.

"Ka ce mata na iya ƙirga yanzu."

A ƙofar manaja ta tarar da mai sito kan benci, hula a gwiwa. Ya matsa mata wuri, yana yi mata sannu da aiki.

"Baba, ka ɗan jira," ta ce. "Ni ce a gabanka."

Ta ƙwanƙwasa ƙofar.