Kwalba Ta Bakwai

Aikina ba irin wanda ake faɗa a gaban mai cin abinci ba ne. Bayan gidan mutane nake karɓa, in auna, in zuba a kwalabe masu ɗumi irin na cikin ɗan Adam, in riƙa ciyar da ƙananan halittun da ke ciki kamar mai kiwon kaji. Yayana ya ce duk karatun da na yi a masai ya ƙare. Ni kuwa ko a jikina. Hanjin kowa cike yake da halittun nan, su ke taya shi narkar da abinci, su ke yi masa gadi, ko sannu ba ya ce musu.

Kwalabe goma sha biyu ne a teburina. Kowace safiya nakan ɗiga wa kowacce sinadari ɗaya daga cikin waɗanda kamfanoni ke zubawa a abinci don ya yi kauri ko ya daɗe bai lalace ba. Na san sunayen sinadaran duka, amma ban san wanne ke shiga wace kwalba ba. Lamba kawai ake ba mu, don kada son zuciya ya shiga awo. Takardar da ta haɗa suna da lamba tana can wata jami'a a kulle, sai an gama bincike za a buɗe. Shekara guda ina yabon wannan ƙa'ida, har da iyayi, a gaban sababbin ma'aikata.

Sai Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya farfaɗo, amma maƙogwaronsa bai farfaɗo tare da shi ba: in ya sha ruwa sai ya bi ta hanyar iska. Asibiti suka ba mu wani farin gari a gwangwani, suka ce a dama masa a duk abin da zai sha har ya yi kauri. Mu masu wannan aiki ba ma iya riƙe gwangwani ba mu juya bayansa ba. Na juya. Sunan farko a jerin abubuwan da aka haɗa shi da su yana cikin goma sha biyun da ke teburina.

A watan ne kuma kwalba ta bakwai ta fara lalacewa. Sauran suna nan ƙalau, ita kuwa kullum halittunta masu amfani mutuwa suke, wasu marasa mutunci suna cike gurbin. Sau uku ina sake awo, sakamako ɗaya. A gida cikin Baba ya kumbura, gudawa ta sa shi gaba, har agogonsa ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na sami Farfesa a ofishinta, shugabar binciken, na rufe ƙofa.

"Ranki ya daɗe, lamba bakwai kawai nake so in sani. Wallahi ba wanda zai ji."

Ta cire tabarau. "Ni kaina ban sani ba. Kuma in na sa aka buɗe yau, aikin mutum ashirin na shekara biyu ya tashi a banza. Saura wata takwas."

"Babana ba shi da wata takwas na gudawa."

"Na sani, 'yata. Amma ko da sinadarin da ke garin nasa ne, kwalba ba mutum ba ce. Ki je ki ga likitansa."

Na so ta yi min tsawa, da na sami wanda zan ji haushi. Sai ta miƙo min hankici.

Likitan Baba ya saurare ni yana duba agogon bango. Ya ce gudawar tana iya zama daga magunguna, ko kwanciya, ko shekaru. Na ce a canza garin. Ya ɗauko na wani kamfani, na juya bayansa, sunan nan ne dai a sahun farko. Na ce to in dama masa garin hatsi a gida. Ya ce kaurin ba ya tsayawa daidai, yau ya yi, gobe ya tsinke, kuma kurɓi ɗaya in ya faɗa huhu ya isa.

Ranar Asabar da safe na yi abin da ko sabon ma'aikaci ba zai yi ba. Cokali biyu aka ce, na zuba rabin ɗaya. Na ce a raina ai ragi ne kawai.

Kurɓi na biyu Baba ya ƙware. Idanunsa suka firfito, leɓensa ya canza launi, hannunsa mai lafiya yana dukan katifa. Yaya ya faɗo ɗakin da gudu, ya tallafe shi, ya sunkuyar da shi yana bubbuga bayansa har numfashi ya dawo. Sannan ya ɗaga kofin, ya karkata shi, ya ga yadda ruwan ke gudu.

"Me kika yi?"

Na faɗa masa.

"Kwalaben naki ba su ishe ki ba? Uban namu za ki yi gwaji da shi?"

Ya fita ya bugo ƙofa.

Baba ya daɗe yana haki. Da ya natsu ya juyo da ido wajena, da karkataccen bakinsa ya ce, "Uwata, ƙishi."

Na zubar da na kofin, na ɗebo sabo. Cokali biyu cif na zuba, na dama har ya kama jikinsa. Yana kallon hannuna.

"Abin nan," ya ce a hankali, "ba ya cutarwa ko? Ke kin sani."

"Ban sani ba, Baba."

Ya yi ɗan murmushi da ɓarin fuskar da ke motsi, don ya ɗauka wasa nake. "In ke kika dama, na sha."

Na tallafi ƙeyarsa, na kai masa kofin baki. Ya shanye tas, ya ce in ƙara.