Hanyar da Taswira Ke Tura Mutane

Taswira ya sake taka burki, ya leƙa ta tagar mota, ya dubi hagu ya dubi dama, bai ga bishiyar ba. Ya riga ya wuce wurin ya dawo, ga shi kuma yana neman sake wucewa. A inda ya san akwai wata ƙatuwar bishiya, wadda daga gindinta ake karya kwana a bar babban titi, gidan mai ne ya tsaya ƙerere, da allon tallan siminti a gefensa.

Matarsa tana kujerar gefe, sanye da baƙin gilashin da likita ya ba ta, ta rungume filas ɗin shayi a cinya.

"Baban Auta, ko ɓata muka yi?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce mutumin da ake kira Taswira ba ya ɓata, gari ne dai ya ƙaru. Duk da haka ya shiga gidan man, ya tambayi mai zuba mai ina tsohuwar hanya. Mutumin ya dubi ƙaramar motar, ya dubi furfurar direban, sannan ya tambaye shi abin da za su yi a can. Taswira ya ce kallo za su je. Mai zuba man ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya fasa, ya nuna masa wani lungu a bayan katanga.

Sunan Taswira a kamfanin magunguna ya samo shi. Yana saurayi shi ne mai kai kaya shagunan magani gari-gari, babu lungun da bai sani ba. Daga baya aka ƙara masa girma, aka ba shi tebur da fanka, aka kuma gina babban titi, bai sake bin tsohuwar hanya ba har ya yi ritaya. Amma bakinsa bai taɓa barinta ba. Kowa ya ce zai yi tafiya, a ofis ne ko a unguwa, sai Taswira ya ja kujera ya zauna. Babban titi, in ji shi, na masu gudun bashin lokaci ne. Wanda ke son ya ga duniya, tsohuwar hanya zai bi. Da farko za ka shiga cikin bishiyoyi da suka haɗa kai a sama kamar rumfa, har sai ka kunna fitila da rana tsaka. Daga nan ka hau tsauni. A can ƙololuwa ka tsaya, ka kashe mota, kada ka yi magana. Tafki zai bayyana a ƙasa, da jiragen masunta, da fararen tsuntsaye.

Ya tura manajansu. Ya tura likitan haƙorinsa. Angwaye da amare kuwa ba a magana, har autarsa da mijinta sai da ya tura su bayan bikinsu. Kowa ya dawo sai godiya, shi kuma ya yi ta murmushi kamar shi ya shuka bishiyoyin.

Mutum ɗaya ce bai taɓa kaiwa ba, ita ce wadda ke zaune a gefensa. Tun tana amarya ya yi mata alkawari. Haihuwa ta zo, makarantar yara ta zo, ciwon gwiwarsa ya zo, kullum sai baɗi. Alkawari kaya ne, amma nasa ya daɗe a ka har ya daina jin nauyinsa. Sai da ciwon ido ya cinye mata na hagu, na dama kuma ya koma gani kamar ta bayan labule, likita ya tura su babban asibiti a yi mata aiki gobe da safe. Bai ɓoye musu komai ba: ko a ceci ɗan abin da ya rage, ko a rasa shi baki ɗaya. A ranar ce ta ce masa, idan za su tafi, ta hanyarsa take so ya bi da ita. Auta ta yi ta yi a waya a bi babban titi, har da kukanta, uwar ta ce ita fa ta gama magana.

Don haka yau Taswira ya fito da sabuwar hula, da niyyar sauke tsohon kaya.

Suna shiga lungun motar ta faɗa rami, filas ya kusa suɓucewa. Ya ba ta haƙuri, ya ce bakin hanya ne kawai, gaba lafiya lau. Ya yi gaba yana jiran inuwa ta rufe su. Rana ta ci gaba da dukan gilashin. A gefen titi kututture ne jere, wasu an ƙona, wasu an ɗaura musu igiyar shanya. Bayansu gidajen buga bulo ne, da manyan motocin yashi suna wucewa suna girgiza ƙasa.

Ya gaya wa kansa cewa tsufa ne, ya manta nisan wurin, rumfar tana gaba. Ya ƙara tafiya, sai ga wata ƙaramar gada mai karyayyen ƙarfe wadda ya sani sarai, kuma ya san a ƙarshen bishiyoyin take. Ashe sun wuce rumfar tun ɗazu. Ta cikinta suka bi.

Matar tana riƙe da filas da hannu biyu. Mutumin da yake iya cika falo da labarin wannan hanya, yau yana kanta ya rasa ta cewa. Abin da ya rage masa shi ne tsaunin. Bishiya ana sare ta, amma wa zai ɗauke tsauni?

An ɗauke rabinsa. Masu fasa dutse sun cinye gefe guda, sun bar shi a buɗe fari fat, injina suna ta ƙara a cikin ramin. Titin ya manne da gefen da ya rage, Taswira ya hau a giya ta ɗaya, gumi yana bin bayan kunnensa. A ƙololuwa ya tsaya ya kashe mota, kamar yadda ya yi shekaru yana umartar mutane.

Ya duba ƙasa. Inda tafkin yake, fili ne busasshe da ya tsattsage, da wani ɗan kududdufi kore a tsakiya. Daga bakin gangaren har ƙasa juji ne, leda da kwalabe da ɓaraguzan gini. Ana ƙona tayoyi a wani gefe, baƙin hayaƙi yana tashi a miƙe. Tsuntsaye kam akwai su, amma ungulaye ne.

Ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya ce mata bari ya duba taya, ya fita, ya yi nisa da motar yadda ba za ta ji ba. Ya kira Tela a waya, maƙwabcinsu, wanda bara-bara ɗin nan ya kwashi iyalinsa ya bi hanyar, ya dawo har gida ya yi masa godiya.

Bayan gaisuwa Taswira ya ce yana saman tsauni. Sai Tela ya ce:

"Malam, kai da kanka ka je?"

"Ga ni a tsaye. Ina tafkin?"

Tela ya yi gyaran murya, ya ce shi ma haka ya tarar. Ya ce a ranar sai da tayarsa ta fashe, yara suka yi ta tari, matarsa ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba. Taswira ya tambaye shi, to godiyar me ya zo ya yi masa?

"Malam, ka girme ni. Ka zauna ka zana mini hanyar nan da hannunka, fuskarka kamar an yi maka albishir. Da wane bakin zan dawo in ce maka juji ka tura ni? Kafin in tafi ma sai da mai kantin unguwarmu ya ja ni gefe ya ce kada in bi, na ɗauka hassada ce."

"Mai kanti ma ya sani?"

"Duk layinmu an sani."

Taswira ya sauke wayar daga kunne bai ko yi sallama ba. Fuskoki suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Manajan da ya dawo ya dafa kafaɗarsa ya ce abin sai wanda ya gani. Likitan haƙorin da tun daga lokacin, in Taswira ya fara zancen tafiya, sai ya ce masa ya buɗe baki. Surukinsa da ya sunkuyar da kai yana ta cewa an gode, an gode. Shi yana ɗauka ladabi ne. Ashe shekara da shekaru gari guda yana yi masa kara, shi kuma yana ta aika bayin Allah cikin hayaƙi da amarensu. Kunya ta rufe shi, har ya ji da ma ramin masu fasa dutsen ya haɗiye shi. Bayan kunyar sai haushi: da mutum ɗaya ya yi ƙarfin hali ya faɗa masa, da bai kawo matar nan ta ƙarar da ranar ganinta ta ƙarshe a kan bola ba.

Ya koma motar yana jan ƙafa. Ta zuba masa shayi a murfin filas, ta miƙa masa daidai inda ta ji motsinsa.

"Mun iso saman ke nan?"

Ya ce sun iso.

"To faɗa mini. Ka san nesa ba na gani."

Ya dubi fuskarta, ya dubi hayaƙin. Yanzun nan ya gama jin haushin Tela, amma da ya buɗe baki sai ya ji tsohon karatun yana fitowa da kansa. Ya ce ga tafkin can shimfiɗe, ruwan ya kwanta luf. Ya ce ga masunta a jiragensu, ɗaya ya miƙe yana jefa taru. Ya ce fararen tsuntsayen sun taso gaba ɗaya sun bi ta saman ruwa. Muryarsa tana karyewa, yana gyara ta da kurɓar shayi, bai tsallake ko da abu ɗaya ba.

Ta saurare shi har ya kai aya. Sannan ta cire baƙin gilashin, ta naɗe shi, ta ajiye a cinya.

"Baban Auta, tafkin naka warin roba yake yi."

Murfin filas ya tsaya a hannunsa.

Ba tare da ta ɗaga murya ba ta gaya masa cewa ta sani. Tun dawowar Auta daga tafiyar amarcinta ta shigo ɗaki ta rufe ƙofa ta ba ta labari, suka yi dariya har da hawaye, suka kuma yi alkawarin ba za su faɗa masa ba. Matar Tela ma ta zo ta zazzage mata nata. Su mata, in ji matarsa, ba su iya irin wannan karar ta maza ba, a tsakaninsu dai.

"Ke ma?" Abin da ya iya cewa ke nan.

"Ni ma. Ina jin daɗin yadda kake ba da labarin, shi ya sa na bar ka."

Wannan ya fi tafkin girgiza shi. Mace ta zauna da kai a falo ɗaya, baƙo bayan baƙo kana zuba, tana kawo ruwa tana murmushi, ashe ta ciki na ciki. Ya tambaye ta, tunda ta sani, me ya sa ta bari ya wahalar da ita a wannan ramukan, gobe-goben nan za a shiga da ita ɗakin aiki?

Ta juyo da idon da ya rage mata, ta kafa masa shi.

"Gobe in aka fito da ni babu ido, da naka zan riƙa gani. Kai za ka faɗa mini ko rigata ta yi datti, ko fuskar Auta ta nuna tana cikin damuwa, ko likita ya girgiza kai. Ina so in san ko abin da ke gabanmu za ka riƙa faɗa mini, ko abin da zai yi mini daɗi." Ta ɗauki gilashinta daga cinya. "Yanzu na ji."

Ya so ya ce don ita ya yi, sai ya tuna Tela ma don shi ya yi. Wata motar yashi ta wuce, ƙaramar motarsu ta yi rawa. Matar ta mai da gilashinta, ta lalubi murfin filas daga hannunsa ta rufe, ta ce su tafi kada yamma ta yi musu.

Ya kai hannu kan makulli, amma bai murɗa ba.

"Babu tafki," in ji shi. "Ya ƙafe. Saura wani ɗan ruwa kore a tsakiya, ba zai kai girman tsakar gidanmu ba."

Ba ta motsa ba.

Ya ci gaba a hankali, yana tsayawa yana dubawa kafin ya faɗi kowane abu. Ya gaya mata jujin, da tayoyin da ake ƙonawa, da ungulayen. Ya gaya mata an cinye rabin tsaunin, kuma bishiyoyin da suka wuce ɗazu kututture ne. Ya ce can ƙasa, bayan hayaƙin, akwai wata bukkar kwano, wata mata tana shanya zane a kan igiya.

"Wane launi?" ta tambaya.

Har ya buɗe baki zai ce shuɗi, don ya san shi ta fi so. Ya rufe bakin, ya laluba aljihu ya ɗauko tabaraunsa.

"Dakata," ya ce. "Bari in duba da kyau."