Ruwan da Ya Zo ta Arewa

"Ka sauke ƙarfen nan, Baba Isaka, ko ni in sauke maka shi."

Zeinabou na tsaye a ƙofar maƙwabcin nata, goye da Indo. Sandar ƙarfe ce ya kafa kan katangar da ta raba gidajensu a Zongo, da mazurari a samanta, kwalba a ƙasa. A gindin katangar nan yarinyar ke kwana, kuma kowa ya san ƙarfe na kiran tsawa.

"Uwar Indo, aikina ne. Shekara uku ke nan tun samun 'yanci ina tara wa ma'aikatar yanayi ruwa. Kowane hadari da nauyin ruwansa. Can Turai suke aunawa, su gane wanda ya taso daga teku da wanda iskar ƙasashen ƙanƙara ta koro."

"To su zo su kafa shi a kan ɗakin uwarsu."

"Bakinki dai ya fi tsawar."

Ranar Laraba da ya tafi Babbar Kasuwa, ta taka turmi ta tumɓuke sandar, ta jefa ta cikin tsohuwar rijiya. Da ya dawo ya daɗe yana kallon katangar. Tun daga nan ba ya amsa gaisuwarta.

Ana tsakiyar rani, watan Fabrairu, sai ga hadari ta arewa, inda hadari ba ya fitowa. La'asar ce. Ruwan ya sauko da sanyi mai shiga ƙashi. Zeinabou ta leƙa ta kan katanga, ta ga tsohon tsaye tsakar gida, ya ɗaga kwanon cin tuwonsa da hannu biyu, riga ta manne masa a haƙarƙari.

"Shiga ɗaki, tsohon nan. Mutuwa kake nema?"

"Irin wannan nake jira tun da na fara. Ke kika sa na zama sanda."

Tari ya kama shi a ranar. Ta aika masa kunu da citta, aka dawo mata da shi ko taɓawa bai yi ba. Kwana shida aka kai shi makwanci.

Matan unguwa suka taru zaman makoki. Lami mai waina ta matsa gefe da ta ga Zeinabou.

"Wasu dai ba su da kunya."

"'Yata na nan da ranta," in ji Zeinabou, ta gyara goyonta ta zauna.

Kwanon na bakin ƙofar ɗakinsa, ba wanda ya san abin da ke ciki. Wani ya ɗauke faifan da ya rufe shi don a raba goro. Kaji biyu suna shan ruwan, suna ɗaga kai sama.